Ramuka Shida a Tsakiyar Gulbi

Motar sai da ta zaɓi wurin da za ta ci amanar Mu'azu: tsakiyar gulbi, kan yashi, Goronyo a baya, Wurno a gaba. Ƙarfen ƙafar baya ne ya tsage daga rami zuwa rami, ita kuwa ƙafar ajiya tuni ta mutu a hanyar Tursa. A wancan zamani na Turawa motocin da ke bin hanyar ba su cika yatsun hannu ba, don haka babu wanda za a zauna jira.

Da tsakiyar rani ne, da sai a shimfiɗa tabarma a sha hira. Amma bazara ta zo ƙarshe, gabas ta haɗe tun jiya, kuma wani masunci da ya gifta ya ce ruwa ya sauka can sama, gulbi na tafe. Motar ta Alhaji Ƙasimu ce na Rabah, wanda sai bana ya yarda ya damƙa wa Mu'azu tuƙinta. Kayan da ke kanta kuwa albasar surukin Mu'azu ce, Malam Lawwali, uban matarsa Kyauta, noman shekara guda cur. Dattijon ya biyo kayansa, yana tsaye a gefe yana kallon gabas.

Mu'azu ya san mushen wata mota da masu sayen auduga suka yar a bayan kasuwar Wurno. Ƙafarta za ta yi, sai dai raminta biyar ne, tasa motar kuwa ƙusa shida take da ita. Dole a huda sababbi, kuma kaf Wurno babu mai iya wannan sai kawunsa Yari maƙeri. Tsagaggiyar ƙafar ta lanƙwashe, ba ta aunuwa. Sai ya nemo ɗanyar fatar akuya a wata ruga da ke bakin gaɓa, ya shafa wa ƙusoshin baƙin mai, ya danna fatar a kai. Tabo shida suka fito raɗau. Ya shimfiɗa ta a gadon bayan jakin aro, ya kama hanya cikin rana.

Yari mutum ne da bai iya karɓar aiki ba sai ya yi mita. Ya juya fatar, ya shinshina.

"Hwatag ga ɗanya ta?"

"Ta bushe, Kawu. Taɓa ka ji."

Ya taɓa, ta bushe ƙamas, hankalinsu ya kwanta. Kuma a nan aka yi ɓarnar, don ɗan maƙeri da maƙeri, mutanen da suka san yadda ƙarfe ke miƙewa a wuta, babu wanda ya tuna cewa fata tsukewa take yi a rana.

Aka ɗora ƙarfen ƙafar a garwashi, Mu'azu ya kama zugazugi. Yari ya riƙa huda kamar yadda yake huda galma, sai dai a hankali, yana ɗora fatar yana ɗagawa. Duk guduma ɗaya sai Mu'azu ya leƙa sama. Da aka gama suka mayar da taya, suka yi mata iska, suka ɗaura wa jaki. Yari ya soke magagari a ƙugu ya ce zai bi, wai ba ya son a je a ɓata masa suna a bayan idonsa.

Sun tarar da ruwa ya iso. Ba mai yawa ba, ja ne, yana tafe a shimfiɗe da kumfa da karare, ya rufe idon sawu. Malam Lawwali ya tattare wando yana tura duwatsu ƙarƙashin jek ɗin da ya ɗage motar don kada yashi ya haɗiye shi.

Mu'azu ya ɗaga ƙafar ya kai bakin ƙusoshi. Ta ƙi. Ya juya ta, ya sake kaiwa, ta ƙi. Kowane rami ya ja ciki, bai fi faɗin ƙwayar dawa ba, amma ƙarfe bai san lallashi ba. Gabansa ya faɗi, tsoro na gaske ya kama shi.

"Mi ya hwaru?" in ji Malam Lawwali.

Yari ya dubi fatar, ya dubi ramukan, ya tofar da yawu. "Rana ta ci muna awo. Riƙe mani nan."

Suka ɗora ƙafar a kan gwiwoyinsu, Yari na goga da magagari, ruwa na hawa. Ya kai ƙwauri. Jek ya ɗan karkata, motar ta yi ƙara, kowa ya tsaya cak, sannan aka ci gaba. Da ruwa ya doshi gwiwa ƙafar ta shiga. Sai dai ramuka uku sun faɗaɗa har sun haɗe da tsofaffin, noti ba shi da abin kamawa. Mu'azu ya ɗaure ukun da suka rage, ya taka sifana da ƙafa har ta ƙi motsi.

Yari ya girgiza ƙafar da hannu biyu, ya dubi Mu'azu.

"Ɗana, ba ni yi maka ƙarya. Tana hidda mota wohi. Da kayan ga kau, kahin gaɓa ƙusoshin sun gutsure, ka rasa duka biyu."

Mu'azu ya dubi gaɓa, da nisa, jaki kuma ɗaya ne. Yaya mutum zai dubi uban matarsa ya ce masa a zubar da shekararsa don a ceci motar wani?

Malam Lawwali bai jira ba. Ya kama gefen mota ya hau, da tsufansa, ya fara kwance igiya.

"Baba, ku dakata, ko mu gwada da rabi."

"Amana anka ba ka. Hau ka tada ta."

Buhu biyu jaki ya ɗauka. Sauran Yari da dattijon suka riƙa turowa, suna faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya, wasu na fashewa. Mu'azu ya juya hannun tayarwa, inji ya kama, ya ja ta a giya ta ɗaya, kunnensa duk yana kan ƙafar baya. Tana ƙara, tana rangaji, amma ta haye.

Da ya kashe inji ya sauko, gulbi ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, albasa na yawo a kansa ja-ja har inda ido ya tsaya. Malam Lawwali na zaune a kan buhu ɗaya yana matse bakin wandonsa. Mu'azu ya durƙusa a gabansa.

"Tashi," in ji dattijon. "In mun koma gida kak ka ce ma Kyauta komi. Ni ka hwaɗa mata, ita da uwatta. Su sunka yi ban ruwan."