Shayi a Falon Kawu

Auta ce ƙarama a gidansu, amma ba yarinya ba ce. A kemis take aiki, makullin shagon ma a hannunta yake. Ɗan kawunsu, wanda ake kira Injiniya duk da ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba, shi ke rage mata hanya idan ta tashi. Ran nan ya ce zai tsaya ɗaukar kaya a ɗakinsa, ta shigo ta taya shi. Ya kulle ƙofa, ya yi mata fyaɗe.

Wadda Auta ta fara gaya wa ita ce Yayarta. Niyyar Auta ta wuce wurin 'yan sanda kai tsaye, amma Yaya ta roƙe ta har da hawaye, ta bari a fara zama a gida. Ta yi mata alkawari cewa ita Auta za ta zauna a falo cikin maza, ta faɗi abin da ya faru da bakinta, ba wanda zai ari bakinta ya ci mata albasa. Da ƙyar Kawu ya yarda, yana ta nanata cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ranar zaman, maza suka cika falon Kawu, kowa ya baje a kujera. Mata kuwa ba wanda ya ce su tafi kicin, ƙafafunsu ne suka kai su. Auta ta jingina da firji tana bitar abin da za ta faɗa. Yaya ta rasa abin yi da hannunta, sai ta tafasa ruwan shayi, ta jera kofuna, ta goge tire. Tun suna yara haka tsarin gidan yake, babba ta haɗa, ƙarama ta kai. Ta juya ta ɗora wa Auta tiren ko kallonta ba ta yi ba, ta ce ta yi a hankali da na Kawu, ya cika.

Auta ta karɓa. Ita ma hannunta ya saba.

Sai da labule ya rufe bayanta Yaya ta gane aika-aikar da ta yi. Ta leƙa. Auta na bin maza tana rusunawa, daga babba zuwa ƙarami, har layi ya zo kan Injiniya. Ya miƙa hannu ya ɗauka abinsa, ya kurɓa.

Fuskar Kawu ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kun ga tarbiyya ko? Tunda ta ba ɗan'uwanta da hannunta, ai ta yafe. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Abin da ya wuce ya wuce."

Aka amsa da amin, kowa ya saki jiki, wani har ya ɗauko zancen ƙwallo. Ba wanda ya matsa mata a kujera, ba wanda ya tambaye ta komai.

Kunya ta rufe Yaya, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta san abin da ya kamata: ta ɗaga labulen ta ce kuskurenta ne, ba yafiya ba ce, yarinyar nan magana ta zo yi. Amma tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa katse Kawu ba. Ta tsaya riƙe da bakin labule.

Auta ta dawo, ta ajiye tiren, ta rataya jakarta. Idonta a bushe.

"Yaya, wurin 'yan sanda zan je. Za ki raka ni?"

Wallahi e za ta ce, maganar tana bakinta. Sai muryar Injiniya ta taso daga falo, wai nasa sukari bai ji ba, a ƙaro.

"To, ga shi nan," in ji Yaya. Maganar ta fita kafin ta ankara, har ta miƙa hannu wajen gwangwanin.

Auta ta dubi hannun, ta dube ta.

"Kai masa, Yaya, kar ya huce."

Ta fita ta ƙofar baya ita kaɗai.