Reshen Kanyar da Barau Ya Sare

"Yau ma Malam Barau ya tofar," in ji Mani tela, yana karkaɗe buzunsa a ƙofar masallaci bayan azahar. "Ƙanenshi Zailani ya gasa mashi tsoka da iccen marke, ya taɓa da harshe ya ce wannan wutar tuwo ce."

Aka yi 'yar dariyar da ba ta yi nisa ba. Duk Ƙanƙara an san Malam Barau mahauci. Wasu su ce taurin kai ne, wasu su ce hanci Allah ya ba shi, don daga hayaƙi yake gane itace. Tsamiya, a faɗarsa, tana ƙona bayan nama ta bar cikinsa. Magarya ta naman akuya ce. Amma kanyar da ta bushe a jikin uwarta, hayaƙinta har ƙashi yake ratsawa. Fatake daga Faskari da Sabuwa kan yi guzurin bandarsa, ta yi wata ba ta canza ba. Yanzu yana kwance a zaurensa, ko koko ba ya wucewa, ba abin da yake nema sai tsoka ɗaya ta wutar kanya.

"Damina ta jiƙa komi," in ji Mani. "Ina za a samu busasshiyar kanya?"

Ba wanda ya kalli Rabo, maƙwabcin Barau. Shi kuwa ya ji kamar duk shi ake kallo. Ya sa takalmansa ya tafi.

Shekarun baya, Barau ya sare reshe a kanyar gonar Rabo bai tambaye shi ba. Dokar hukumar En'e ba ta hana saran busasshe ba, ɗanye ta hana. Cikin fushi Rabo ya kai ƙara wurin malamin daji, ya rantse a gaban alƙali cewa ɗanye ne da ganyensa. Aka yi wa Barau bulala ranar kasuwa, aka mayar wa Rabo reshensa. Tun ranar, katanga ɗaya suke, ko gaisuwa babu.

A tsakar gida ya tarar da Hajaratu, 'yar Barau da ta zo jinya daga Mairuwa, durƙushe gaban matarsa Talatu.

"Baba Rabo, ina wuni," ta ce, kanta a ƙasa. "Ba shi ya aiko ni ba. In ya ji na shigo nan, sai ya yi fushi da ni. Ko ɗan guntu ne daga gonarka. Numfashinshi ya fara sama-sama."

"Na gona duk ɗanye ne, ɗiyata."

Gaskiya ya faɗa. Talatu ta ɗaga kai ta dubi rumfar madafinta. Reshen nan ne ke riƙe da jinkar, tun ranar da aka kawo shi daga gaban alƙali.

"Malam, hadari ya haɗo," ta ce. "In za ka cire, cire yanzu in kwashe tukwanena."

Rabo ya tsaya. Ya san in ya fita da reshen nan a kafaɗa, unguwa duka za ta gane shi. Daga bayan katanga aka ji tarin Barau, dogo, sannan shiru. Shirun ya fi tarin tsawo.

Rabo ya sa kafaɗa ya ɗaga reshen. Jinkar ta zube a kan murhu, toka ta tashi.

Masu dubiya sun cika bakin zauren. Suka dare suka ba shi hanya, ba wanda ya amsa sallamarsa da ƙarfi. Zailani, ƙanen Barau, ya dubi reshen, ya dubi Rabo.

"Yau ka tuna hanyar gidan nan?"

"Ɗauko gatari, Zailani. Zagina ba zai ƙare yau ba."

Suka faskare shi a ƙarƙashin rumfa, yayyafi na sauka. Cikinsa fes, ba ko ƙwaro. Zailani ya hura wuta a tukuba, ya hana Rabo ƙara itace. Sai da harshen wutar ya kwanta, garwashi ya yi ja, sannan ya kafa tsinken nama a gefe. Rabo yana ta leƙen zaure.

"Matso da shi kusa mana."

"Ya ƙone, ya tofar? Bari."

Iska ta kora hayaƙin cikin zaure. Barau ya buɗe ido. Ya rame har Rabo bai so ya dube shi ba.

"Kanya," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Wa ya kawo?"

Rabo ya shiga ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ni ne."

Barau ya daɗe yana kallonsa. Ya sake jan hayaƙin a hankali.

"Wannan a sama ya bushe. Wanda aka sare ɗanye, ko ya shekara goma, da ɗaci-ɗaci."

Rabo ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, don Mani da limamin unguwa suna tsaye a bayansa. Sai ya juya ya ce, "Zailani, bai yi ba?"

"Saura kaɗan."

Da Zailani ya shigo da naman a kan faifai, liman ya riga ya sunkuya yana maimaita kalmar shahada a kunnen Barau. Leɓɓansa sun motsa sau ɗaya. Liman ya shafa idanunsa ya rufe, ya ja mayafi. Hajaratu ta toshe bakinta da gyale ta shige cikin gida.

Zailani ya ajiye faifan a ƙasa, naman na tururi. Ruwa ya sauko sosai, yana faɗawa kan garwashi a waje. Ba wanda ya motsa.

Rabo ya kama gefen mayafin. Wannan karon bai rage murya ba.

"Barau, busasshe ne. Ko ganye ɗaya babu a jikinshi. Ƙarya na rantse a kai. Don Allah ka yafe mani."