Tashar Sinkat a Hawa na Uku

Jamilatu tana cikin wata na uku na takaba ranar da wayar mijinta ta yi ƙara. Tun rasuwarsa wayar tana kan firij, ita kuma duk kwana biyu sai ta sa mata caji, ba don tana jiran kowa ba. Masu kira sun daɗe da dainawa. Duk wanda ya san Ubale mai gyaran lantarki a unguwar Mahjar ya riga ya ji labari, ya zo ya yi gaisuwa ya tafi.

Ta goge hannu da gefen mayafi ta ɗauka. Muryar mace ce, da Larabcin Jidda mai sauri.

"Ammu Ubale nake nema, baffan nan mai gyaran lantarki. Sunana Maha, daga wajen baje kolin masu ƙere-ƙeren sha'awa."

"Allah ya yi masa rasuwa," in ji Jamilatu.

Matar ta yi ta'aziyya, ta sake yi. Da ta natsu sai ta yi bayani. Kowace shekara suna taruwa a wani babban zaure a arewacin gari, masu haɗa ƙananan jiragen ruwa da na sama da na ƙasa. Amma akwai waɗanda abin da suka gina a gida ya fi ƙarfin ɗauka, don haka bana aka tanadi babban allo: mutum zai kira ta waya daga ɗakinsa, ya zagaya da 'yan kallo minti goma sha biyar. Ubale ya rubuta sunansa tun farkon shekara, ya aika hotuna, an ba shi ranar Asabar bayan la'asar.

"Ki yi haƙuri, khala," ta ce, wato inna da Larabci, "ban sani ba. Yanzu zan cire sunansa."

"Bar shi," in ji Jamilatu.

"Akwai wanda zai nuna a madadinsa?"

"Akwai."

Sai da ta ajiye wayar ta tsaya tana tunanin wane ne wannan da ta ce akwai.

Gidansu ɗaki uku ne a hawa na uku, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ɗaya daga ciki ba na mutane ba ne. Ubale ya shimfiɗa katako daga bango zuwa bango, ya gina ƙaramin samfurin garin da aka haife shi a kan katakon, har da ɗan jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki. Hausawan Sudan ne su duka biyun, amma ita 'yar Kasala ce, shi kuwa ya tashi a Sinkat, cikin duwatsu, inda mahaifinsa yake shayar da jiragen ƙasa ruwa. Ya zo aikin hajji yana ɗan shekara ashirin, ya samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya zauna. Sau biyu kawai ya koma.

Ba ta taɓa son ɗakin ba. Baƙi sukan zo lokacin hajji su kwana a falo kamar kifin gwangwani, ga ɗaki guda a kulle saboda kayan wasa. Ta yi magana har ta gaji. Daga baya suka yi sulhun da ba wanda ya furta shi: shi ya daina kiranta ta zo ta gani, ita ta daina tambayar yaushe zai gama. Takan kai shayi bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta juya.

Da yamma ta kira autanta Mus'ab, wanda yake aiki a wani otal a Madina. Hausa take yi masa, yana amsawa rabi da Larabci.

"Ummi, ranar Asabar ina dawam, ina bakin aiki. Ba zan samu fita ba."

"Ka dai san yadda ake kunna shi?"

"Wallahi ban sani ba. Ba ya barinmu mu taɓa. Ki ce musu halas mana, za su fahimta."

Ta ce to, ta tambayi lafiyar yara.

Washegari ta buɗe ɗakin. Zafi ya tare ta, da warin gam da tsohon katako. Ta kunna fitila ta tsaya. Ta sha leƙawa, amma ba ta taɓa tsayawa ta duba ba. Duwatsu jajaye da baƙaƙe sun tashi har ƙirjinta. Layin dogo ya fito daga bayansu, ya haye busasshen rafi a kan gada, ya shiga tasha mai rufin kwano. Ga tankin ruwa a kan ƙafafu huɗu, ga gidajen ma'aikata masu rufin tulluwa a jere, ga raƙuma uku a gindin wata ƙaya. Mutanen ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kowa da rawaninsa, an yi musu fenti da abin da ta gane ƙarshen tsinken sakace ne. Yashin ma na gaske ne. Sai yanzu ta san inda rariyarta ta shiga shekarun baya, ga ta can rataye a ƙusa.

A jikin bango ya manna takarda da rubutunsa, jerin makunnai: baƙi tukuna, sai ja, sai a murɗa mai zagaye a hankali. Ta bi. Fitilun tasha suka kama. Ta murɗa, kan jirgin ya yi ɗan gurnani, ya ja taragunsa shida.

Ƙarar ce ta sa ta nemi kujera. Wannan ƙarar ta shekara ashirin da biyu tana jin ta ta cikin bango, tana yanka albasa, tana ninke kaya, tana sallah. Ta san inda take yin kauri a kan gada, ta san inda take dusashewa bayan dutse. Ta kashe shi da sauri ta fita. Sai da azahar ta iya komawa.

Kwana uku tana gwaji. Maha ta koya mata ta waya yadda za ta juya kyamara ta kalli gaba, don kada fuskarta ta fito. Ta share ƙura da burushin gemunsa. Maƙwabciyarta da ke kawo mata burodi ta tambaye ta ko motsin me take ji, ta ce fanka ce.

Ranar Asabar ta yi la'asar da wuri, ta sa farin mayafinta ko da yake ba mai ganinta, ta zauna a ɗakin da waya a hannu. Da aka haɗa ta, sai ga zauren a ɗan ƙaramin gurbi a kusurwar wayar. Ta zaci za ta ga taro. Kujeru ne kamar arba'in, mutum bakwai ko takwas a warwatse, wasu na danna waya. Daga nesa lasifikar wani ɓangaren tana ta kiran masu tseren ƙananan motoci. Wanda ya riga ta wani injiniya ne daga Dammam, da garin Turawa mai ƙanƙara da jirage huɗu masu gudu lokaci guda. Da ya gama, mutum biyu suka tashi.

Maha ta ɗauki makirufo ta ce wannan aikin marigayi Ubale ne, iyalinsa ce za ta nuna.

Jamilatu ta yi sallama. Duwatsun suna rawa a allo. Ta dafa gwiwar hannunta a gefen katakon.

"Wannan Sinkat ce," ta ce da Larabcinta na Sudan. "Ni ban taɓa zuwa ba. Haka ya ce take."

Ta bi layin da wayar a hankali. Ta nuna gada, ta nuna raƙuma. Da ta iso tankin ruwa ta matso kusa da wani ɗan mutum da ke tsaye a kan tsani.

"Wannan mahaifinsa ne. Shekara talatin yana hawa nan. Wancan gidan na uku nasu ne. Ƙofar a buɗe take, ban san dalili ba, sauran duk ya rufe su."

Ta kunna baƙi, ta kunna ja, ta murɗa. Jirgin ya tashi, ya bar tasha, ya haye gada. Wani a zauren ya ɗaga waya yana ɗauka. Jirgin ya shiga bayan babban dutsen, ƙarar ta dusashe, ta ɗauke. Bai fito ba.

Ta murɗa gaba, ta murɗa baya. Shiru. A gwajinta bai taɓa yin haka ba. Hannunta ba ya kaiwa wurin, kuma ba ta ganinsa. Maha ta ce ba komai khala, ki ɗauki lokacinki. Wani mutum ya duba agogo.

Tana tsaye cikin shirun sai ta gane ta san shi. Sau da yawa tana kicin ƙarar takan ɗauke haka, a daidai wannan gaɓar, sai ta ji bugu biyu, ƙwas ƙwas, ƙasa-ƙasa ta wajen bangon da ke jikin murhunta, sannan ƙarar ta dawo. Ta zaga ta wannan gefen, ta durƙusa, allon zauren ya cika da tayil da ƙafar tebur. Ta dunƙule hannu ta bugi ƙasan katakon sau biyu.

"Yalla, fito mana," ta ce da Hausa, ba ta san ta canza harshe ba. "Mutane na jira."

Ya fito, yana jan taragunsa kamar ba abin da ya faru. Aka ɗan tafa.

Da Maha ta ce ko akwai mai tambaya, wani dattijo mai farar hula a layin baya ya ɗaga sanda. Aka kai masa makirufo. Ya yi gyaran murya, ya yi magana da wata Hausa mai nauyi, irin ta waɗanda aka haifa a Jidda.

"Hajiya, sannu da haƙuri. Kakata ta wannan hanya ta biyo, zamanin da. Ta ce akwai tasha cikin duwatsu inda aka ba su ruwa mai sanyi. Ban san ismin wurin ba." Ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan mai aikin nan. Ya yi da kyau."

"Amin," in ji Jamilatu. Bakinta ya cika da tambaya: su wane ne mutanensa, a wace unguwa yake, daga wane gari kakar ta taso. Amma lokaci ya cika, mai bi mata yana jira daga Riyad. Maha ta yi godiya da sauri, hoton ya ɗauke. Jamilatu ta riga ta fara cewa "Malam, daga ina," sai ta ga fuskarta a baƙin gilashi.

Ta zauna a kujerarsa. Jirgin yana ta zagaye. Ba ta kashe shi ba har aka kira magariba.

Maha ta aiko da bidiyon bayan kwana biyu. Jamilatu ta tura wa Mus'ab, ya mayar da hoton zuciya cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ta tambayi Maha ko ta san dattijon. Ba ta sani ba. Ba a rubuta sunayen 'yan kallo.

Da takaba ta cika, maganar iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ta taso. Tata a ƙarƙashin ta mijinta take, yanzu dole ta koma ƙarƙashin ta ɗanta, gidan kuma a mayar wa mai shi. Mus'ab ya ce babu inda za a sa Sinkat a Madina, kuma gaskiya ya faɗa. Ita da kanta ta kira Maha, ta ce su zo su ɗauka ta ba su. Maza huɗu daga ƙungiyarsu suka zo da zarto, masu ladabi, suka cire takalma a bakin ƙofa. Suka yanka garin kashi uku don ya bi ta matakala. Ta tsaya a kansu, ta hana su yanka ta kan gada, ta nuna wa babbansu daidai inda ake bugawa.

Mus'ab ya zo ɗaukarta ranar Alhamis. Ya ce mota za ta gajiyar da ita, ya yanka musu tikitin jirgin ƙasa mai sauri. Ya ba ta kujerar taga. Jirgin ya fita daga Jidda ba gurnani ba girgiza, gidaje suka ƙare, fili ya buɗe. Can gaba wasu baƙaƙen duwatsu suka taso daga dama, da busasshen rafi a gindinsu. Ta juyo za ta yi magana. Mus'ab ya sa abin ji a kunne, idonsa a rufe, ya kwana biyu bai huta ba. Ta gyara masa hannun rigarsa da ya naɗe, ta mayar da fuskarta taga.