Iskar da Ta Saki

Garin katako bai bar gashin kafintan ba har cikin motar asibiti. Matarsa tana zaune a gefensa tana tsince shi kaɗan-kaɗan, don ta rasa abin da za ta yi da hannunta. Jiniya tana kuka a saman kansu, amma ita can nesa take jin ta, kamar an toshe mata kunne da auduga. Inuwar itatuwa tana wucewa ta gilashi mai dishi-dishi, rana tana shigowa tana fita.

Ma'aikacin jinya ya ce jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa ce ta toshe. Ya yi masa allurar rage zafi, sannan ya naɗa masa abin awon jini a dantse, ya yi ta matsa 'yar robar har abin ya kumbura tam. Bai saki ba, sai ya dubi agogo.

"Ɗana, ka manta ba ka sassauta ba," in ji ta.

"Ban manta ba, Mama. In likita ta buɗe jijiyar, jini zai koma da ƙarfi, zuciyar da ta sha yunwa kuwa tana iya jin rauni da dawowarsa. Shi ya sa muke tare jinin hannu minti biyar, mu saki minti biyar, har sau huɗu, ko jiki ya shirya. Hanya ce da ake gwadawa."

Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Shekara talatin da ɗaya aikinta ke nan, sassauta masa abubuwa. Mutum ne mai ɗaure komai tamau: murfin kwalba, igiyar shanya, har fuska in ya dawo daga shago. Ita ce mai bi tana kwancewa.

Ɗauri na farko ya wuce, na biyu ma. A na uku hannun ya yi fari fat, yatsun suka yi sanyi a tafinta. Idonsa a rufe, leɓensa ya motsa.

"Hannuna ya mutu," ya ce can ƙasa-ƙasa.

Ma'aikacin ya juya baya yana waya da asibiti. Kusa da robar akwai ɗan ƙarfen da ta ga yana murzawa in zai saki iska. Ta murza shi. Iska ta fita a hankali, ɗumi ya fara dawowa cikin yatsun, ita kuwa ta ji daɗi har cikin ranta. Kafin ma'aikacin ya waigo motar ta tsaya, aka buɗe ƙofa, aka yi ciki da shi a guje.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi a barandar asibitin ba. Fanka tana juyawa, mutane masu fararen kaya suna wucewa ba a jin takunsu. Sai ga likita, mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba.

"Mun buɗe, Mama, jini yana tafiya. Sai dai da ya dawo bugun zuciyar ya rikice, da ƙyar muka daidaita shi. Wani ɓangare ya ji rauni. Nawa zai farfaɗo, sai nan gaba."

"Zai koma shago?"

"Ba zan yi miki alkawari ba."

Nan ta faɗa mata abin da ta yi a mota, ba ta rage komai ba. Likita ta zauna kusa da ita.

"Mu kanmu ba mu tabbatar hanyar ɗaure hannun tana aiki ba. Wataƙila ba abin da ya canja."

"Wataƙila kuma fa?"

Likita ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce babu wanda zai taɓa sani.

Da la'asar aka bar ta ta shiga. Yana kwance cikin wayoyi, maganin bai gama sakinsa ba.

"Tsohuwa," in ji shi.

"Tsoho mai neman magana. Ka tsorata mu."

Ya yi murmushi, idonsa rabi a buɗe. "Mafarki na yi a mota. Wai muna ɗakinmu na farko, mai tagar nan da ba ta rufuwa. Da rana tsaka barci ya ɗauke ki a kan hannuna. Hannun ya mutu murus, na ƙi motsi kada in tashe ki. Daɗi nake ji, wallahi."



"Sai kawai kika ɗaga kanki," ya ce, barci yana sake jan sa. "Me ya sa? Ai da kin ƙara kaɗan. Ban gaji ba."