Ƙafa ta Uku

Shekara ashirin da biyu ina gyaran kayan wuta a shago ɗaya, kuma a duk tsawon lokacin nan mahaifiyarmu ba ta taɓa kai wa wani ko da tocila ba sai ni. Yanzu kuwa ta gaban shagona take wucewa rungume da fankarta, ta tsallaka titi ta kai wa wani mai gyaran da bai san bambancin wayar wuta da igiyar shanya ba. Takan amsa gaisuwata idan ta zo wucewa, ba laifi. Kayanta ne dai ba ta yarda in taɓa.

Jitar ƙanena ce ta jawo mini. Auta muke ce masa, duk da ya ba talatin baya, kuma shi ne ɗan lelen Inna tun yana zanen goyo. Ni na fito da hannun gyara, shi ya fito da hannun kiɗa. Ba zan ɓoye gaskiya ba, ya iya. Idan ya ɗora yatsun hagu a kan tsirkiya, ni kaina da nake jin haushin shagwaɓarsa sai in ajiye sukudireba in saurara. Yana cikin wata ƙungiyar makaɗa ta mutum biyar, masu zuwa taron kamfanoni da na makarantu, kuma da wannan yake ciyar da matarsa.

Wata rana ya sayo amfilifaya ta biyu, wato na'urar ƙara sautin jita, tsohuwa, daga hannun wani da ya bar sana'ar. Ya ce yana so jitarsa ta riƙa fita ta dama da ta hagu lokaci guda, sautin ya cika zaure. Ya raba wayar jita biyu, ya jona kowace amfilifaya a soket daban, ya kunna. Sai ƙugi ya tashi, wani zuuu mai kauri irin na tsohon firji, ba ya hawa ba ya sauka, ko an taɓa jitar ko ba a taɓa ba. Ya sauya waya, ya sauya tsirkiya, ya zagi wanda ya sayar masa. Da duk dabararsa ta ƙare, ya tuna yana da yaya.

Na yaga kwalin batir na zana masa abin a baya. Kowane filogi yana da ƙafa uku: biyu na kai wuta, ta ukun kuma doguwar nan ita ce ta ƙasa, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin na'ura. Amfilifaya biyu, kowace da hanyarta ta zuwa ƙasa, ga kuma wayar jita ta haɗa su ta gaba. An yi zobe ke nan, sai 'yar ɓatacciyar wuta ta samu hanyar zagaye, tana ta kewayawa, lasifika kuma na faɗin abin da ta ji. Na ce masa maganin shi ne a yanke zoben ta wajen sauti, ba ta wajen ƙasa ba. Ya yi hamma ya ce shi ba karatu ya zo yi ba.

Kwana huɗu na yi ina haɗa masa akwatin. Ɗan ƙarami ne, bai fi sabulun wanki ba, da taransifoma a ciki: naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna. Sauti na tsallakawa daga wannan naɗi zuwa wancan ta maganaɗisu, ita kuwa wutar da ke yawo sai ta iske ba gada. Na sa shi a hanyar amfilifaya ta biyu, na kunna, ƙugin ya ɗauke ɗif. Na ji daɗi sosai ranar, ba don komai ba sai don karo na farko ke nan da sana'ata ta shiga cikin tasa.

Shi kuwa ya kaɗa sau biyu, ya karkata kai, ya yatsina fuska. Ya ce akwatin yana cin zaƙin sautin. Na ɗauko mita na gwada masa, na nuna masa abin da ya shiga shi ne ya fita. Ya ce mita ba ta da kunne. Ya ƙara da cewa mai kaɗa musu babbar jita ya gaya masa hanya mafi sauƙi, wai a cire ƙafa ta uku kawai a huta, kowa haka yake yi.

Nan na sha mur. Na ce masa ƙafar nan ba ado ba ce. Ranar da wayar wuta ta zame a cikin tsohuwar na'urar ta taɓa ƙarfen jiki, ita ce za ta kwashe wutar ta kai ƙasa, fis ya ƙone, kowa ya tafi gida lafiya. Idan babu ita, wutar za ta bi wayar jita ta hau tsirkiya, ta zauna tana jiran wanda zai zama hanyarta.

"To, Injiniya, na ji," ya ce yana dariya. Injiniya yake ce mini idan yana so ya raina ni, Yaya kuma idan yana neman wani abu. Ya sa akwatin a aljihu, ya ari filayata mai jan mariƙi, wai zai datse bakin tsirkiya.

A gidan Inna akwatin ya zama abin ba'a. Auta ya riƙa ɗaga shi sama yana cewa ga layar da Yaya ya ɗinka masa, Inna tana dariya har da share hawaye, matarsa na taya ta. Ni ma na yi murmushi, don na saba. Tun muna yara, idan ya fasa abu ni ake tambaya ina nake lokacin da ya fasa.

Bayan sati uku aka kira ni da yamma, ina tsakiyar liƙe wayar wani dutsen guga. Ashe su Auta suna wasa a zauren wani otal, taron ma'aikatan wani kamfani. Auta ya zo gaba zai yi magana, hannun hagu a kan tsirkiya, ya miƙa na dama ya kama sandar makirufo. Mai gangar ƙungiyar ya ce da farko sun ɗauka salo ne, har wasu sun fara tafi. Sai da suka ga ya ƙame ya kasa saki, sannan wani ya ruga ya kashe babban makunni.

Ya rayu. Likita ya ce ya auna arziki, don wutar ta ratsa ƙirjinsa. Amma tsirkiyoyin sun ci yatsun hagu har ciki, layi-layi, kuma jijiyar biyu daga cikinsu ta lalace.

Na iske Inna a barandar asibiti tare da shugaban ƙungiyar, mutum mai kyan riga da saurin baki. Kafin in iso ya riga ya gama bayani. Ya ce su dai shekara shida suna wasa ba abin da ya taɓa faruwa, sabon abu ɗaya ne ya shigo cikin kayansu, wani akwati haɗin hannu, kuma a kan amfilifaya aka same shi. Bai ce ni ne ba. Ya dai bar maganar a buɗe, kowa ya ƙarasa da kansa. Hakan ya yi masa daidai, ya yi wa mai otal daidai.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Da hannunka ka haɗa masa?"

Na ce eh, amma ta bari in yi bayani.

"Bar shi," ta ce. "Kai dai ba ka taɓa son kiɗan nan ba."

Na gwammace ta mare ni da wannan maganar da ta faɗa. Na juya na fita, ban ko shiga ɗakin ba.

Washegari na je ɗakin da ƙungiyar ke ajiye kaya, na ce mai ganga ya buɗe mini. Akwatin na nan a kan amfilifaya, ba waya ko ɗaya a jikinsa, ramukansa biyu a wofi, har da zoben kofin shayi a bayansa. Na jawo filogin tsohuwar na'urar, ƙafa biyu. Na jawo na sabuwar, ita ma biyu. Da ɗaya ya cire ma ƙugin zai mutu, amma Auta bai taɓa yin abu rabi ba in dai ɓarna ce. Na kwance bayan tsohuwar, ga wayar wuta ta goge ta kwanta a jikin ƙarfe, daidai yadda na faɗa, kuma ban taɓa jin baƙin cikin zama mai gaskiya kamar ranar ba. A aljihun jakar jita na samu filayata mai jan mariƙi, da gutsattsarin ƙafafun tagulla guda biyu. Na kwaso su tare da akwatin na dawo shago, na zuba ƙafafun a gwangwanin da nake tara sukurori.

Na ce a raina zan jira ya warke ya faɗa da bakinsa. Aka sallame shi, bai faɗa ba. Aka cire bandeji, bai faɗa ba. Magana kuwa ta riga ta zagaye layinmu, cewa mai gyara ya haɗa wa ƙaninsa abin da ya kusa kashe shi. Mai shagon ɗinki da ke kusa da ni ya aiko a karɓi injinsa ba a gama ba. Matata ta yi ta fama da ni in ɗauki gwangwanin in kai gaban Inna in zazzage, ta ce an shafa mini kashin kaji ina zaune ina kallo. Kullum sai in ce gobe. Ba tausayi ba ne, kada a ɗauke ni waliyyi. So nake ya zo da ƙafarsa, in ga ko akwai ranar da zai ɗauki laifinsa ba tare da na karɓe masa ba.

Sai da aka yi wata biyar ya zo, da hantsi, a motar haya, da amfilifayoyin biyu da jitar. Ya rame. Hannun hagu na cikin aljihu. Ya ce Yaya, ba Injiniya ba, don haka na san da buƙata. Ya samu mai saye, yana so in gyara su kafin a zo ɗauka.

Na sauya wayar da ta goge, na yanke filogan nan guragu, na sa sababbi masu ƙafa uku, yana zaune a kan benci yana kallo. Na jona su a soket biyu na kunna, ƙugin ya dawo ya cika shagon. Na ɗauko akwatin daga kan kanta, na sa a hanya. Shiru, sai ƙarar motoci a waje.

Ya miƙa hannun dama ya ɗauki jitar, ya ɗora a cinya. Ya zaro na hagu a hankali. Yatsa biyu sun lanƙwasa sun kama, biyu sun tsaya a miƙe kamar ba nasa ba. Ya haƙura da su, ya ja tsirkiya ɗaya a sake, ya bar sautin ya yi ta tafiya har ya ƙare da kansa. Ya sake ja, ya saurara da kan nan nasa a karkace.

"Ashe ba ya cin komai," ya ce.

Na jawo gwangwanin, na zazzage a kan tebur, na ware ƙafafun tagullar biyu na tura gabansa. Ya kalle su, bai yi mamaki ba.

"Na san suna wurinka," ya ce. "Mai ganga ya gaya mini."

"Wata biyar, Auta."

"Yaya, ka yi mini rai." Bai ɗago ba. "Kai har yanzu kana da hannunka. Ni abin da ya rage mini shi ne a ce tsautsayi ne ya same ni. Idan Inna ta san ni na yi wa kaina, matata ta sani, me zan zama a gidan nan?"

Na tambaye shi ni kuma me na zama. Ya shiga shafa tabon yatsunsa da babban ɗan yatsa. Na daɗe ina shirya maganganun da zan faɗa masa ranar nan, wasu ma na haddace su, amma na rasa ta inda zan fara da mutumin da ba ya iya dunƙule hannu. Haushi ya cika ni har wuya, nasa da nawa, don na gane ya riga ya san ba zan faɗa ba. Da bai sani ba, da bai zo ba.

Muna haka inuwa ta tare ƙofa. Inna ce, da dutsen guga a leda, za ta tsallaka wurin wancan mai gyaran. Ta hango shi zaune da jita a cinya, wayoyi a ƙasa, akwatin a tsakiya, sai fuskarta ta canza. Ba ta shigo ba, daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Auta, ajiye abin nan ka fito," ta ce a hankali. "Wanda aka yi bai isa ba?"

Ya dube ni, na dube shi. Ƙafafun tagullar na nan a kan tebur tsakaninmu, taku uku daga inda take tsaye. Ya buɗe baki kamar zai yi magana. Sai ya jingine jitar a bango, ya tashi, ya karɓi ledar daga hannunta da hannunsa mai lafiya.

Ina kallonsu suka tsallaka titi, tana riƙe da gefen rigarsa saboda motoci. Na kashe amfilifayoyin, na tattara ƙafafun na mayar cikin gwangwani, na rufe. Mai sayen ya zo da rana, ya gwada, ya yaba da yadda ba sa ƙugi, ya tambaya wa ya haɗa ɗan akwatin nan. Na ce masa tare da kayan ya zo.