Ban Haƙurin da Muka Kai wa Madam Vasseur

Ni na ce a tafi. Wannan nake fara faɗa, don kada gobe wani ya ɗora wa yaron laifi. Munzali bai so ba, ɗiyata Latifa ta hana, ni Bukari na buga ƙafa na ce sai an je.

Munzali ɗan ƙanwata Batula ne. Daga Damagaram ya zo Faransa karatu, ya yi shekara biyar a Lyon yana koyon sarrafa abinci da abin sha, ya fito da dipulom ɗin da ni ko sunansa ban iya faɗa daidai ba. Ni kuwa shekarata ashirin da shida ina ɗaga kwalaye a wata mangaza, babban sito, ta Aubervilliers a gefen Paris, in koma La Courneuve in kwanta da ciwon baya. Duk dangi shi muke kallo. Na sha gaya wa mutane a masallaci cewa wannan dai ba zai ɗauki kaya a ka ba.

Da karatu ya ƙare, takardarsa ta zaman ƙasa ita ma ta kama hanyar ƙarewa. Abin da ake so a fili yake: ya samu aiki na dindindin a fannin da ya karanta, ya kai kwantira ofishin farfe mai kula da takardun baƙi, a sabunta masa takarda. In bai samu ba, ya tattara ya koma. Wasiƙun neman aiki ya rubuta sun fi ɗari. Wuri ɗaya tak ya amsa, wani ƙaramin gidan dafa giya a Lyon. Mai gidan, wani Bature Thibault, yana son ya ƙara abin sha marar sa maye, sai ya ɗauki Munzali ya riƙa haɗa masa bisap, wato zoɓo, da lemun citta da na tsamiya a manyan tankuna. A gaban gidan akwai zaure mai famfo goma sha biyu jere a bango, nan mutane ke zama su sha. Famfo uku na Munzali ne, tara na giya. To amma wurin ƙarami ne, ran Juma'a da Asabar kowane ma'aikaci sai ya tsaya bayan kanta ya zuba wa mutane duk abin da suka nuna.

Ranar da ya gane haka ya kira ni yana kuka, yana tambaya ko ya bari. Ban kai maganar wajen wani malami ba, don na san amsar da zan samu. Na ce ya toshe hanci ya yi wata huɗun nan na gwaji, a sa hannu a kwantira, takarda ta fito, sannan ya nemi inda ransa zai kwanta. Uwarsa kuwa muka ce mata kamfanin lemu ne. Allah Ya yafe mana.

Yaron ya yi wata uku da sati ɗaya ba wanda ya ji kansa. Masu zuwa wurin dai ba su rasa abin ƙorafi. Yanzu ba a kiran mai gida a gaya masa a kunne, sai mutum ya koma gidansa ya ɗauki talho ya rubuta wa duniya, ya ba da tauraro ɗaya ko biyar. Wannan ya ce bencin katako ne ba majingini, wancan ya ce kofi ɗaya yuro takwas fashi ne, wata ta ce sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kuma kiɗa ya hana ta jin mijinta. Ina ruwan Munzali? Ba shi ya sassaƙa benci ba, ba shi ya yanka kuɗi ba.

Sai wata Madam Vasseur ta zo daga Paris ganin ɗanta, ya kai ta wurin ran Asabar. Ta koma ta ba da tauraro ɗaya. Ta yi maganar benci, ta yi maganar kuɗi, sannan ta sauka kan Munzali. Ta ce dogon nan mai zubawa bai dubi fuskarta ba ko sau ɗaya, ƙasa yake kallo yana magana kamar ita ba mutum ba ce. Ta tambaye shi wace giya ta fi daɗi, ya ce bai sani ba, bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ta ce tunda take ba a taɓa nuna mata ba a son ta a wuri kamar ranar ba.

Da aka karanta mini sai da na miƙe tsaye. Matar nan ta girmi uwarsa da shekara goma. Yaron da aka yi wa tarbiyya ne zai tsaya ya zuba mata ido kamar sa'arsa? Ladabi ya yi mata, ita ta ga wulaƙanci. Kuma ƙarya take so ya yi mata kan giyar?

Thibault ba mugu ba ne, amma taurarin nan yake kwana da su yake tashi da su. Ya kira Munzali ya nuna masa, ya ce saura sati uku gwaji ya ƙare, shi kuma ba zai ɗauki mai korar masa mutane ba. Ya ce ya gyara wannan magana. Nufinsa, kamar yadda na gane daga baya, yaron ya rubuta ƴan layuka a ƙarƙashin ƙorafin, ya ce mun ji, mun gode, sai kin dawo. Munzali ma haka ya fahimta. Ya rubuta, ya kira ni ya karanta mini don in sa albarka.

Na hau shi da faɗa. Na ce wannan ba ban haƙuri ba ne, raini ne. A ina aka taɓa ɓata wa babbar mace rai, sannan a aika mata rubutu ta talho? Da ƙafa ake zuwa, a ɗauki dattijo, a riƙe wani abu a hannu, a durƙusa. Na ce na yi sulhu ya fi ashirin a cikin ƴan ƙasarmu na Paris, har wanda ya kai ga wuƙa, ban taɓa ganin zuciyar da ta ƙi sauka ba in an je mata har gida.

Matar da sunanta na gaskiya ta yi rubutun, har da hotonta. Na sa Latifa ta duba, cikin minti biyar ta gano tana da shagon ɗinkin labule a wata unguwa ta gabashin Paris. Da Latifa ta gane abin da nake nufi sai ta kife talhon a kan tebur.

"Baba, don Allah kada ku je. Nan ba a yin haka. Tsoro za ta ji."

Na ce ita da aka haifa a asibitin Turawa me ta sani game da mutane? Tsoron me, mu da za mu je da rana tsaka da kyauta a hannu? Na ce ta rufe mini baki. Ta rufe, ta shige ɗaki.

Ran Litinin ake rufe gidan giyar, ita ce kaɗai ranar da Munzali yake da ita. Ya hau jirgin ƙasa na safe, na tarbe shi a tasha da ƙarfe tara. Ya zo da kwalabe shida na bisap ɗinsa a jaka. Ni na kawo kilishi mai kyau da turaren wuta. Na ba shi babbar rigata ta salla ya sa a kan kayansa, na ɗauko Malam Yakubu, dattijon da ke ja mana salla, mai shekara saba'in da huɗu da farin gemu. A cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Munzali ya sake cewa, a hankali, ko dai mu bari. Na yi kamar ban ji ba.

Muka iske shagon a rufe. Ashe ita ma Litinin take hutu. Nan ya kamata mu juya. Amma yaron ya biya kuɗin jirgi, Malam ya bar gidansa, ni kuma na riga na cika baki. Na tambayi mai sayar da burodi na kusa, ya ce ai a saman shagon take zaune, hawa na uku. Muna tsaye sai mai rabon wasiƙu ya fito daga ƙofar gidan, ya riƙe mana ita muka shiga. Har na ce wa Malam ka ga Allah Ya buɗe mana hanya.

Na danna ƙararrawa. Ta buɗe kaɗan, da sarƙa a jikin ƙofar. Ƴar tsohuwa ce siririya da tabarau, da almakashi a hannu. Na gaishe ta da Faransancina na mangaza, na ce wannan shi ne yaron Lyon, mun zo ne kan abin da ta rubuta. Munzali ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya miƙa jakar da hannu biyu. Malam ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a a hankali.

Na ga fuskarta ta canza. Abu ɗaya ta tambaya: "Wa ya ba ku adireshina?"

Kafin in amsa ta rufe ƙofar, muka ji makulli ya juya sau biyu.

Munzali ya tashi ya ce Kawu mu tafi, yanzu yanzu. Na ce a'a. Ga kuskuren da ya fi duka, kuma nawa ne ni kaɗai. A wajenmu in ka je ban haƙuri aka rufe maka ƙofa, ba ka tafiya. Tafiyar ita ce ke nuna ba da gaske ka zo ba. Zama kake yi a ƙofar gida, rana ta buge ka, har mai fushi ya leƙo ya ga kana nan, ya ji kunya ya ce ka shigo. Na ce mu zauna. Muka zauna a kan matakala, mu uku cikin manyan riguna, muna fuskantar ƙofarta. Malam ya fito da carbi. Sau biyu na tashi na ƙwanƙwasa a hankali na ce Madam, muna nan, ba za mu tafi ba sai kin fito. Wallahi da kyakkyawar zuciya na faɗa.

Minti arba'in muka yi. Sai ƴan sanda huɗu suka hawo.

A kumsariya, ofishinsu, suka zazzage jakar, suka shinshina kilishin, suka duba takardunmu. Ba su zage mu ba. Wata ƴar sanda Balarabiya ta saurare ni har ƙarshe, ta ce kakanta ma da haka zai yi, amma in tsaya in yi tunani: mace mai shekara sittin da biyar, ita kaɗai a gida, ta rubuta ƙorafi kan wani wuri mai nisan kilomita ɗari huɗu da wani abu, sai ga maza uku a ƙofar ɗakinta suna cewa ba za su tafi ba. Ta ce matar a banɗaki ta kulle kanta tana kuka har suka iso. Sai a lokacin na kalli al'amarin da idon matar, kuma ban ga laifinta ba. Bayan awa uku suka sallame mu, suka ce kada mu ƙara bin ta layin.

Munzali bai kai Lyon ba sai da ɗan matar ya rubuta labarin a shafin gidan giyar. Ya ce duk wanda ya yi ƙorafi kan wurin nan ya sani za a biyo shi har gida. Kafin wayewar gari mutanen da ba su taɓa taka Lyon ba suna ta zuba tauraro ɗaya, ɗaruruwa. Na kira Thibault da kaina, na ce ni ne mai laifi, yaron bai so ba, in akwai wanda za a hukunta ga ni. Ya saurare ni, ya ce ya yarda, ya ce bisap ɗin Munzali ya fi wasu giyoyinsa fita. Sannan ya ce yana da ma'aikata shida da iyalansu, kuma ba zai iya rubuta wa duniya cewa yaron yana nan ba. Ran Laraba ya ba shi takardar sallama.

Ranar da aka sa masa ya je ofishin farfe ta zo, ya je ba kwantira. Wata biyu bayan haka wasiƙa ta iso, an ba shi kwana talatin ya bar ƙasar. Mun je wajen lauya, ya karanta, ya girgiza kai. Na ce wa Munzali ya koma gida, da iliminsa ba zai rasa abin yi ba. Ya ce da wane ido zai dubi uwarsa, ita da ta sayar da gonar gadonta ta sa shi a jirgi? Bai taɓa ce mini kai ka ja ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Latifa ce dai ta yi wata guda ba ta ci abinci tare da ni ba.

Yanzu yana kwana a falona, a kan katifar da muke jinginewa bayan kujera da safe. Ba ya fita sai aiki, in ya hango ƴan sanda a bakin metiro sai ya juya. Na samar masa wuri a mangazarmu da takardar wani mutumin garin Tawa mai suna Youssouf, wanda suka ɗan yi kama da shi. Kwalayen takalma yake saukewa daga kamyo, babbar motar kaya, tun safe har la'asar, kusa da ni.

A wurin aiki dole kowa ya kira shi da sunan da ke kan takardar, har ni. Lokacin da aka haife shi ubansa yana Libiya, ni na sayi ragon, ni na sunkuya na raɗa wa liman sunan a kunne. Satin farko in na ce Youssouf sai na kira sau biyu ko uku kafin ya waiwayo. Jiya sau ɗaya na kira, ya ce na'am.