Dabarar Baba Dachung

Wata biyu da naɗa Natana'el manajan shagon kafintoci na Madam Fadeke da ke bayan kasuwar Katako a Jos, sai ta tura shi bita ta kwana uku kan shugabanci. Ya dawo da takardar shaida da littafi cike da rubutu, amma magana ɗaya ce ta zauna masa. Mai laccar ya ce aikin da na sama bai gani ba kamar ba a yi shi ba ne, kuma mai son a riƙa jin maganarsa dole ya sa a san da zamansa.

Natana'el kuwa yana bukatar a san da zamansa. Mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinsa, rabinsu sun girme shi. Babbansu shi ne Baba Dachung, wanda ya koya masa riƙe zarto shekara goma sha biyar da suka wuce.

A daminar nan suka shiga matsala. Wani coci a Kabong ya ba su aikin benci sittin, ashirin ɗin farko da aka kai kuwa sun fara tsagewa daga baki, wasu sun lanƙwashe. Fasto ya kira har sau biyu. Wata rana Natana'el yana tsaye gaban tulin katako yana sosa ƙeya, Baba Dachung ya zo ya tsaya gefensa.

"Oga, ba laifin hannun kowa ba ne," in ji tsohon. "Ɗanye ake kawo mana shi, mu kuma mu jibge shi a ƙasa. A ɗaga shi, a sa sanduna a tsakani iska ta ratsa, a shafa tsohon fenti a bakin kowane ɗaya. Haka muke yi da, kafin gaggawa ta shigo sana'a."

Natana'el ya gyaɗa kai, ya shiga ofis ya rubuta.

Ranar Juma'a Madam Fadeke ta zo ta tara kowa. Haifaffiyar Jos ce, ita ta riƙe shagon tun rasuwar mijinta, kuma ba ta son dogon zance. Ta tambayi abin da za a yi. Natana'el ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Madam, na zauna na yi nazari, na gano inda matsalar take. Na kuma tsara yadda za mu magance ta."

Ya zayyana komai, sanduna, iska, fenti. Bakinsa na tafiya, idonsa na kan Madam, don ya san in ya waiga hagu zai ga Baba Dachung zaune kan buhun dusar katako.

"Madalla," ta ce. "Fentin fa, mene ne amfaninsa? Sannan katakon maɗaci da na malaina, lokaci ɗaya suke bushewa?"

Wannan ba ya cikin littafinsa. Ya ji ruwan sama na dukan kwano, ya ji wani ya yi gyaran murya a baya. Duk sanyin garin nan gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Sai Baba Dachung ya yi magana daga inda yake zaune. "Madam, ai oga ya yi mini bayani ran nan. Ya ce bakin katako ya fi jikinsa saurin bushewa, shi ke sa ya tsage, fenti ke rage masa gudu. Maɗaci kuma ya ce sai an yi haƙuri da shi fiye da malaina. Ko ba haka ka ce ba, oga?"

"Haka ne," in ji Natana'el.

Wannan "haka ne" ɗin ya bi shi har gida, unguwar Congo-Russia. Matarsa Abigel ta ajiye masa gwaten acca, ya juya cokali sau biyu ya ture. Asabar haka, Lahadi ma a coci bai iya buɗe baki ya yi waƙa ba. Da suka dawo ya faɗa mata komai.

"Da ya tona ka, da ka sami wanda za ka ji haushi," ta ce. "To yanzu sai kanka."

Litinin da sassafe ya sami Madam a gidanta. Bai gama ba ta ɗaga hannu.

"Na sani. Shekara nawa marigayi yana shafa fentin nan, ni nake tara masa gwangwanaye. Na yi maka tambayar ne ko za ka ce a tambayi Baba. Ba ni ka ɗaukar wa abu ba, Natana'el. A gaban wa ka ɗauka?"

Ƙarfe tara ya sa aka kashe injuna. Ya tsaya a tsakiyar shago, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya ce dabarar da ya faɗa ranar Juma'a ba tasa ba ce, ta Baba Dachung ce daga farko har ƙarshe, kuma bai taɓa yi wa Baba wani bayani ba. Ya roƙi gafara. Can wani ya kunna inji, kowa ya koma kan aikinsa.

Ya sami tsohon a bayan shago yana auna sanduna. Ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, ana kallonka." Baba Dachung bai ɗago ba. "Ni na rufa, kai ka yaye. Yanzu ka mai da ni maƙaryaci gaban Madam, da furfurata."

Natana'el bai taɓa tunanin wannan ba.

"Ya wuce," in ji tsohon. "Riƙe mini can."

Madam ta danƙa busar da katako a hannun Baba Dachung. Aikin coci ya yi jinkirin mako bakwai, kuma Natana'el da kansa ya je Kabong ya yi wa fasto bayani, ya sha faɗa a tsaye. A shago, har damina ta ƙare, in ya ba da umarni sai ma'aikata sun saci kallon Baba kafin su motsa. Yana gani. Yakan tsaya ya jira tare da su har tsohon ya gyaɗa kai.